Ƙyauren Gidan Laraba

"Ina gajiya, uwargijiyar ƙarya?"

"Babu gajiya, bawan gado. Sai yanzu ka ga damar zuwa?"

"Yanzun ma tausai nij ji. Lahiya dai kinka aiko kirana ko kumallo ban karya ba?"

"Lahiya mana. Can za ni."

Baba Sale bai yi dariya ba, ya dai sauke jakar kayan aikinsa a bakin zaure. Tun da aka sa ranar tafiya mutanen Rara ke shan wannan amsar. Inna Laraba za ta tashi da gidanta kaf, har da suruka da jikoki, ta koma Lafiya ta jihar Nasarawa inda autanta Nasrullahi ke sayar da albasa. Saboda haka duk wanda ya ce mata "lafiya?" sai ta ce can za ta. Da farko muna dariya. Da gidajen unguwa suka fara zama kango ɗaya bayan ɗaya saboda mutanen daji masu bindiga, sai dariyar ta daina fita.

Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu. An kira ni in taya naɗe tasoshi cikin tsofaffin zannuwa, na kuma zo, ba don raina yana so ba. Mu da ba mu da ɗa a wata jiha aikinmu ke nan bana, mu ɗaure wa mutane kaya mu raka su bakin hanya, mu dawo mu zauna.

Su biyun taubasai ne. Uban Inna Laraba da uwar Baba Sale ciki ɗaya suka fito. Ita ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, don haka a wasan dangi shi bawanta ne, kuma tun suna yara ba ta taɓa barinsa ya manta ba. Yau duk furfura ta rufe su, bakin dai yana nan yadda yake. Shi kafinta ne, shi ya yi ƙyauren zaurenta da katakon maɗaci mai kauri, ya sa masa doguwar sakata irin ta da. Ta ce ba za ta bar wa gara shi ba, sai ya zo ya cire mata. Amma duk unguwa mun san ba ƙyauren kaɗai take son ɗorawa a mota ba. Shi take so ta tafi da shi, shi kuwa ya ce ba inda za shi.

"Ga shi nan," in ji ta, tana nuna ƙyauren da haɓa. "Ka cire min shi, kada ka hwasa min katako."

"Ni za ki koya ma katako? Ni niy yi shi, tun kina amarya kina ɓoye huska wai ke mai kunya."

"Awo, kai kay yi shi. Shi ɗai na aikin da kat taɓa yi bai karkace ba. Har yau ina zaton wani yay yi maka."

"Ni dai ban taɓa ganin mace ta tashi har da ƙyaure ba. Ki haɗa da rijiya mana."

"Da tana ciruwa da ka ishe ta cikin buhu."

"Can Lahiyar ba su da ƙohwa na? Bisa icce suka kwana?"

"Gidan da Auta yak kama, ƙohohinai duk na ƙarhe na."

"To mi za ki yi da wanga?"

"In ajiye abina. Ran da nim mutu a yi min wanka bisa nai, in ji katakon garinmu ga bayana."

Ya lalubi cikin jaka, sannan ya zaro guduma.

"Ke za ki mutu? Sau nawa mutuwa tal leƙo, ta ji bakinki ta koma?"

Ya durƙusa ya fara da ƙusoshin ƙasa, yana lallaɓa kowace kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Ita kuma ta jawo kujera ta zauna a kansa, wai tana duba aiki.

"To ya anka shirya tahiyar?" ya tambaya. "Ko jaki za ki hau?"

"Babbar mota ta. Tana Wurno tana lodin albasa, an bar muna wuri ga baya."

"Allahu akbar! Ɗiyar kawu cikin albasa. Za ki isa Lahiya mutane na hawaye, ki ɗauka murnar ganinki suka yi."

"Direba yac ce ba shi shigowa Rara ko mi za a ba shi. Rabah zai tsaya. Akori-kura ka kwasar kaya daga nan da hantsi ta kai mai."

"Yana da hankali. Ta ina za ku bi?"

"Auta yac ce ta Yawuri. Ta hi nisa, amma rai ya hi kwanciya. Kuma babu tahiya in rana ta hwaɗi, inda magariba tar riske mu nan muka kwana."

"Hanyar da nis sani kamar yunwar cikina."

"Kai da ko Sakkwato kat tahi sai an riƙa maka hannu ga tasha?"

"Ni? Ina saurayi da ƙasa nit tahi Lahiya nid dawo, hurar da nid dama ko tsami ba ta yi ba."

"Awo. Shi yas sa ƙahwahunka sunka gajarce."

"Bari in hwaɗa miki gaskiya don zumunta. Can ruwa ka zuba babu hutu, sanyin ƙashinki zai tashi. Can babu hurar kirki, doya aka ci sahe da marece. Kuma ran da kinka buɗe baki kinka ce 'mi', yara za su biyo ki suna neman inda akuya tab ɓoye."

"In zaunar da su in koya musu Hausa. Ai an daɗe ana cutarsu."

Dariya ta kuɓuce mini ban shirya ba, har tasa ta faɗo daga hannuna. Inna Laraba ta waiwayo ta harare ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina. Amma kunnena yana zaure, don na san ba a zo wurin ba tukuna.

"Mi da mi za ki ɗauka?" in ji Baba Sale. "Na ga tsakar gida kamar kasuwar Rabah."

"Gado, turmi, tukwanen ƙarhe, da geron da yar rage cikin rumbu. Awaki an kai kasuwa. Kaji na raba ma maƙwabta."

"Ni ban ga tau ba."

"Bawa da kaza sukutum? Kai da ƙahwa sun ishe ka."

"Randa hwa?"

"Randa ba ta kai Yawuri da rai. Na bar ma wagga mai saurare."

"To kaya sun cika ke nan."

"Saura guda."

"Wane?"

"Wani tsohon buhu na, ƙashi da surutu. Na hwaɗa ma direba ba shi da nauyi, sai dai a ɗaure bakinai da kyau."

Guduma ta tsaya. Ya zaro ƙusar da ke tsakanin leɓɓansa ya jefa cikin gwangwani, bai dube ta ba.

"Ni ba a ɗora ni bisa albasa. In ba gaban mota ba, ban shiga."

"An ba ka gaba. Ni in hau baya da jikoki."

"Ban cin doya."

"Don wa kaka zaton niɗ ɗauki gero?"

"Ban zama gidan yaro ana ciyar da ni kamar ragon layya."

"Wa zai yi layya da kai? Ko wuƙa sai ta ji kunya. Auta ya samo maka rumhwa bakin kasuwa. Benci, teburi, akwatunan 'yan tireda, duk ga su nan a karye suna jiran ka ƙarasa su."

"Ban jin yarensu."

"Nan ma maganar wa kaka ji?"

"Gwiwata ba ta son doguwar zama."

"A tsaya kowane gari a miƙe ka a shanya."

"Laraba."

"Ina ji."

"Ba ni ƙusar can da tah hwaɗi."

Ta miƙa masa. Dalilansa sun ƙare, saura wanda bai faɗa ba, wanda kowa a Rara ya sani.

Ɗa guda Allah ya bar masa, Mujahid. Damina biyu da suka wuce ya tafi kasuwar Goronyo a kan babur, mutanen daji suka tare hanya wajen dawowa. Ba a ga gawa ba, ba a kuma kira waya an nemi komai ba. Uwarsa Habi ba ta kai kaka ba ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Tun daga nan tuwon Baba Sale daga gidan Inna Laraba yake fita. Gidansa shi ne na ƙarshe ta gabas, daga shi sai gonakin da aka daina nomawa. A garin da kowa ke tokare ƙofa da turmi tun kafin isha'i, shi ya cire sakatar tasa ya jefa a rijiya, ya bar ƙofa a sake, wai kada yaron ya zo ya tarar da ita a rufe. Liman ya yi masa magana a kaikaice, maigari ya aika, maƙwabta sun yi ta kewaye-kewaye. Ba wanda ya iya duban idonsa ya faɗi abin kai tsaye. Wannan bakin taubashi kaɗai ke da shi, kuma jibi mai bakin za ta bar gari. Ni dai tsoro ya kama ni, har na daina motsa tasoshin.

"Sale," in ji ta, muryarta ta sauka. "Damina biyu."

"Na iya ƙidaya."

"Waɗanda anka ɗauka bayanai, wasu sun dawo, wasu an ji inda anka rufe su."

"Na ji."

"Shi ba a ji komi ba."

"To kin gani. Ba a ji komi ba."

"Kai tsoho na, ba wawa ba. Ko da yake ga naka lamari wuya ta a rarrabe."

"Ba a kawo min gawa ba, Laraba. Ban yi mai salla ba. So kika yi in karɓi gaisuwar mai rai?"

"Ban ce ka karɓi gaisuwa ba. Cewa niy yi ka shiga mota. A bar saƙo ga liman, a bar ga maƙwabta. In Allah ya kawo shi, kahin shi sha ruwa an kira mu."

Ya zauna a kan dugadugansa, ya ajiye guduma a ƙasa.

"Kin tuna ɗan Mairo?"

"Na tuna."

"Ba ki gane shi ba ran da yad dawo. Ni nig gane shi. Na hito za ni masallaci da asuba, ga mutum zaune ƙohwar gidansu, ƙahwa duk ta hwashe, riga babu. Ga ƙaton kwaɗo ga ƙohwa, sun koma Sakkwato. Su ma sun bar saƙo ga liman. Nic ce mai taso mu je ka sha ruwa. Bai tambaye ni ruwa ba, bai tambaye ni abinci ba. Hannunai na bisa kwaɗon, yac ce, 'Baba, sun ɗauka na mutu ko?'"

Ya ɗauki gudumar ya juya ta a hannu, ya ci gaba.

"Mi zan ce mai? Nic ce a'a. Ya san ƙarya nika yi. Yaron da yash sha daji yah hito da ƙahwanai, kwaɗo guda yak karya shi. Ba a yi ma nau ɗan haka ina numfashi."

"In sunka shigo hwa? Gidanka na hwarko. Ko kare ba ka da shi."

"Mi za su ɗauka? Zarto?"

"Kai za su ɗauka."

"Su ɗauka. Kwana guda za su yi da ni su maido ni da goro, su ce a yi haƙuri."

"Kada ka mai da ni abokiyar wasa!"

"To ke mi ta?"

Ban taɓa ganin an ƙure Inna Laraba ba sai ranar, kuma ban ji daɗin gani ba. Ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga za su ji.

"Ni ad da kai! Ubana yab bar min kai, gari duk shaida na. Na ce ka tattara tsummokaranka, jibi da hantsi in ishe ka cikin akori-kura."

"Bawa ya yi tawaye."

"In sa a ɗaure ka."

"Igiyar duk kin ɗaure tukwane da ita."

"In sai da kai."

"Wa zai saye? Kin ɓata min suna ga kasuwa tun muna yara."

Ta tsaya tana dubansa, shi yana duban ƙyaure. Sai ta koma ta zauna a hankali, ta ce da wata irin murya da ban san ta da ita ba:

"To shi ke nan. Na 'yanta ka, Sale. Je ka, ba ni ba kai. Daga yau kai ɗa na, ka yi yadda kaka so."

Wallahi sai na ji kamar an yi saki a gabana. Shekara da shekaru ina jin zagi iri-iri yana tsallako katangar nan, ban taɓa jin wanda ya yi nauyin wannan ba, alhali ba zagi ba ne.

Baba Sale ya juyo gaba ɗaya, karon farko tun da ya fara aikin.

"Ba ki isa ba."

"Na isa. Na hwaɗi."

"Ki janye."

"Ban janyewa."

"Ba saye na kinka yi ba, gado na kinka yi. Na gado ba a 'yanta shi. Je ki tambayi malamai."

"Wane littahi?"

"Yana nan. Babba na, ba a buɗe ma mata."

"Maƙaryaci."

"Yauwa. Ƙara."

"In ƙara mi?"

"Zagin. Laraba, dubi nan. Habi ta tahi. Yaron ba shi nan. Sa'o'ina rabi na maƙabarta, rabi na Sakkwato gidan ɗiyansu. Duk garin ga in na hito, 'sannu Baba, sannu Baba', kowa na magana a hankali kamar an shigo ɗakin majinyaci. Mai shayi ya bar karɓar kuɗina. Yaran da ka tsokanata sun bari, uwayensu sun hana. Ke ɗai ta ba ki canza min murya ba. In na ji kin ce min tsohon banza, sai in san har yanzu da saurana. Ki tahi Lahiya, ban hana ki ba, jikokinki na da haƙƙin barci. Amma ki tahi kina uwargijiyata. In kinka 'yanta ni, na wa ni ke nan?"

Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suna motsi. Ni ma ban san lokacin da hawaye ya sauko mini ba, na goge da zanen da nake naɗe tasa da shi.

"Tsohon banza," ta ce daga cikin mayafin.

"Madalla."

"Mai kan gwanda."

"Allah shi yi miki albarka."

"Gajere, mai taurin kai, wanda ko jakin Giyawa ya hi shi jin magana."

"To ya isa, kada ki ƙarar, ki rage na waya."

"Na janye. Kana nan bawa har ka mutu, in an tashe mu kuma ka ɗaukar min buta."

"Na ji na karɓa."

Ya koma kan aikinsa. Saura ƙusoshin sama, sai da ya taka turmi kafin ya kai, ita kuma ta riƙe masa turmin tana faɗin wai ba don shi ba, don kada ya fasa mata abin daka. Da ƙusa ta ƙarshe ta fita, ƙyauren ya saki bango da wata 'yar ƙara, na taso muka tare shi mu uku muka jingina. Haske ya shigo zauren har tsakar gida. Gidan da na sani tun ina amarya ya zama kowa na wucewa yana ganin cikinsa.

"To ga shi," in ji Baba Sale yana haki. "Ina za a aje shi kahin mota ta zo?"

Inna Laraba ta shafa katakon tun daga sama har inda hannun mutane ya sa ya yi santsi. Ta ja sakatar ta mayar, ta sake ja. Ta daɗe tana haka.

"Ɗauko baro," ta ce da ni. Na ɗauko. "Ku ɗora."

Muka ɗora.

"Tura," ta ce da shi.

"Zuwa ina? Akori-kura sai jibi."

"Zuwa gidanka."

"Gidana da ƙyaure."

"Wancan ƙyaure na? Ko akuya tat tura shi sai shi ba ta hanya shi gaishe ta. Kahinta guda, ƙohwarka abin kunya. Ka cire shi ka sa wanga."

"Da kin ce wankanki za a yi bisa nai."

"Na hwasa mutuwa. Kai kac ce tsorona taka ji."

Ya dubi ƙyauren, idonsa ya sauka a kan sakatar, sai fuskarsa ta ɗaure.

"Wagga sai dai in cire ta."

"Ka taɓa ta in tsine ma gudumarka. Da ita nib ba ka. In an yi isha'i ka ja ta har ƙarshe."

"Laraba, kin san ban rufe ƙohwa."

"Na sani. Saurara in hwaɗa maka abin da ba ka sani ba, tun da kai haihuwa ɗai kay yi, ni nig goya. Yaron ga a bayana yag girma. Tun yana tatata ni nik koya mai sallama. In yaz zo karɓar tuwo yash shigo min kai tsaye, sai in kore shi waje in ce koma ka yi. Yana kuka yana yi. Har yay yi gemu bai taɓa tsallaka ƙohwar kowa ba sai ya yi sallama an amsa, ko ta gidanku. Ƙarya nika yi?"

"A'a."

"To wanda duk zai turo maka ƙohwa shi shigo babu sallama, ba shi na ba. Wa kaka bar ma ita a buɗe?"

Baba Sale ya sunkuya. Ya kama hannun baron ya saki.

"Kwaɗo daban, sakata daban," ta ci gaba. "Kwaɗo daga waje aka sa shi, shi ka cewa babu kowa. Sakata daga ciki aka ja, ita ka cewa mai gida na nan, yana da rai, yana jira. In yaz zo yat taɓa yaj ji ta a ja, ya san ubanai bai tahi ko'ina ba."

"In yay yi sallama ban ji ba hwa? Kin san kunnen ga na hagu ya mutu."

"To ka kwanta bisa mataccen mana, sakarai! Mai ran shi dubi sama. Har wannan sai uwargijiya ta koya maka?"

Sai ga dariya ta fito masa, irin wadda ke fitowa tare da tari, har ya dafa bango. Rabona da jin dariyar Baba Sale tun kafin ranar kasuwar nan ta Goronyo. Yana yi yana share ido da bakin hula.

"Da rana hwa?" ya ce.

"Da rana ka buɗe shi har bango, kowa shi gani."

"Bayan isha'i ɗai."

"Bayan isha'i ɗai. Ka rantse."

"Bawa ba shi da rantsuwa."

"Sale."

"Na ɗauka. Allah na gani, zan ja ta."

Ya rataya jakarsa, ya kama baron da hannu biyu. Ƙyauren ya fi baron faɗi, sai rangaji yake, dole ya tafi a hankali. Da ya sauka daga dakalin zaure ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kin ci, ɗiyar kawu."

Inna Laraba tana tsaye a bakin zaurenta da ba ƙyaure, hannunta a kan ramukan ƙusa.

"Kai kac ci, ɗan gwaggo," ta ce. "Mota za ta tahi babu kai."